Na'ura za ta iya ƙirga naƙuda da kanta? Amsa ga wata ɗaliba daga Daura

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta injiniyancin lantarki, gidanmu Daura. Bara matar yayana ta haifi bakwaini a cikin mota kafin a isa asibiti. Ashe kwana ta yi mararta na murɗawa, ta yi shiru saboda cikin fari ne, kuma a lissafinta lokaci bai yi ba. Yaron ya kwana uku ya koma. Tun daga nan nake son aikin kammala karatuna ya zama na'urar da za a ɗaura wa mai ciki, ta riƙa gane ɗaurewar mahaifa da kanta, ta yi gargaɗi. Zai yiwu? Ta ina zan fara? Ina da Arduino, 'yar ƙaramar kwamfutar haɗa na'urori, da ɗan allon ECG, mai ɗaukar lantarkin zuciya, da na saya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya sa yaron mai ceto ne, Ya ba uwarsa haƙuri, Ya musanya mata da masu albarka.

Tambayoyi biyu ne kika ƙulla wuri ɗaya, kuma amsarsu ta sha bamban. Ta farko, na'ura za ta iya gane lokacin da mahaifa ta ɗaure, ta ƙirga, ta faɗi tsawon kowace ɗaurewa, ba tare da mutum ya tsaya a kanta ba? Za ta iya, kuma ɗaliba mai himma za ta iya haɗa ta cikin zangon karatu biyu. Ta biyu, za ta iya faɗa wa mace cewa bakwaini za ta haifa? Wannan har yau ba a samu na'urar da likitoci suka yarda su jingina da ita a kai ba. Na san ta biyun ce ta taso ki, kuma zan dawo kanta. Bari mu fara da wadda ke hannunki.

Na daɗe ina gyaran kayan asibiti a nan Katsina, kuma yawancin abin da na sani game da naƙuda daga bakin ungozomomi na ji shi. Saboda haka kafin ki taɓa waya ko dalma, ki nemi izini ki zauna a ɗakin haihuwa ki ga yadda ake ƙirgar nan da hannu. Ungozoma za ta ɗora tafinta a saman ciki, sama da cibiya, idonta na kan agogo, ta tsaya minti 10 cur. Cikin zai taso ya yi tauri kamar goshi, ya jima, sannan ya saki ya koma laushi. Za ta ƙirga sau nawa ya yi haka, ta lura da tsawon kowanne, ta je ta cike a takardar fatograf: ɗige-ɗige idan bai kai sakan 20 ba, zane a karkace idan tsakanin 20 da 40 ne, a cike gidan baki ɗaya idan ya haura 40. Ana so ta maimaita duk rabin awa. To ki yi lissafi. Idan mata huɗu ke naƙuda a ɗakin kuma ita kaɗai ce a bakin aiki da dare, tana bukatar minti 40 a cikin kowane minti 30, ban da karɓar haihuwa, ban da ɗinki, ban da mai jijjiga da aka shigo da ita. Wannan giɓin shi ne gurbin na'urarki.

Ƙirgar kuwa ba ta ado ba ce. Duk lokacin da mahaifa ta ɗaure tana matse jijiyoyin da ke kai jini ga mabiya, iskar da jariri ke samu ta ragu, sai ta saki sannan ya farfaɗo. Muddin akwai hutu tsakani, lafiyayyen jariri na jurewa. Idan ɗaurewa ta haura 5 a cikin minti 10, aka auna tsawon rabin awa aka ga haka take, hutun ya gaza. Hakan ya fi faruwa idan an sa ruwan naƙuda na oksitosin ko an ba da misofrostol ba tare da sa ido ba, kuma ƙarshensa na iya zama jariri ya galabaita ko mahaifa ta fashe.

Hanyoyi uku ake da su na auna abin da na'ura. Wadda kika fi gani ita ce toko, faifan nan da ake ɗaurewa da bel a kan ciki a jikin na'urar CTG, wadda ke zana bugun zuciyar jariri da ɗaurewar mahaifa. Maɓalli ne mai jin dannawa: ciki ya yi tauri ya tura shi, layi ya hau. Ba ya shiga jiki, shi ne alherinsa. Amma ba ya auna ƙarfin naƙuda ko kaɗan, lokaci kawai yake nunawa. Ki ƙara matse bel ɗin, tudun ya ƙara tsawo. Idan mace mai jiki ce, ko ta juya ta kwanta ta gefe, sai ya ɓace. Ta biyu siririyar roba ce da ake zurawa cikin mahaifa ta auna matsin kai tsaye. Ita ce ma'aunin gaskiya, kuma a kanta aka gina lissafin Montebidiyo da Caldeyro-Barcia da Alvarez suka fito da shi a ƙasar Yurugwai a tsakiyar ƙarnin da ya wuce: a ɗauki tsayin kowace ɗaurewa sama da matakin hutu, a tara na minti 10, idan ya kai 200 a ce naƙuda ta yi ƙarfi. Sai dai ba a sa ta sai faya ta fashe kuma bakin mahaifa ya buɗe, tana iya shigar da ƙwayoyin cuta, ga tsada. Ba aikin ɗaliba ba ne.

Ta uku ita ce taki: sauraron lantarkin mahaifa daga saman fata, abin da ake taƙaitawa EHG. Ba sabon abu ba ne, tun 1931 wani likitan Jamus mai suna Bode ya fara ɗaukarsa. Abin da ya hana shi yaɗuwa shekaru da yawa shi ne rashin kayan tace sigina, kuma wannan yanzu yana cikin kwamfutarki.

Ga yadda abin yake. Bangon mahaifa tsoka ce, kuma kowace ƙwayar tsoka sai lantarki ya ratsa ta, kalsiyam ya shiga cikinta, sannan take tsukewa. A tsakiyar ciki ƙwayoyin nan kowa tasa ta fisshe shi, wani yanki ya motsa ya lafa, maƙwabcinsa bai sani ba. Ita ce ɗaurewar da mata ke ji jefi-jefi ba tare da ta buɗe komai ba, wadda likitan Ingila John Braxton Hicks ya bayyana a 1872. Idan haihuwa ta ƙarato sai wasu ƙananan ƙofofi su yawaita tsakanin ƙwaya da ƙwaya, lantarki ya riƙa wucewa daga wannan zuwa waccan. Robert Garfield da abokan aikinsa suka nuna haka a 1977. Ki tuna daka a gidan biki. Mace ɗaya na dakanta a wancan lungu, wata a wannan, kowa da saurinta, daga waje hayaniya kawai za ki ji. Da sun taru a turmi ɗaya suka kama lugude, tun daga bakin zaure za ki gane. Naƙuda luguden mahaifa ce, kuma aikin na'urarki ta gane luguden a cikin hayaniyar gida.

Yanzu maganar kayan da kika saya, kuma gara ki ji ta tun yanzu kafin ki ɓata wata uku. Siginar da ke isowa fata ƙanƙanuwa ce ƙwarai, yawanci ba ta kai milibolt 1 (ɗaya bisa dubu na bolt) ba, sau da yawa 'yan gomman maikrobolt (ɗaya bisa miliyan na bolt) ce. Arduino Uno kuwa yana raba bolt 5 gida 1024, wato kowane taki kusan milibolt 4.9. Duk naƙudar za ta shige tsakanin taki ɗaya da na gaba bai gan ta ba. Dole sai da amfilifaya, wato mai ƙara wa sigina ƙarfi, a gaba. Allon ECG ɗinki amfilifaya ne, amma an gina shi don zuciya, kuma irin waɗannan alluna galibi suna zubar da duk abin da ke ƙasa da wajen rabin haz (ma'aunin saurin kaɗawa), inda wani kaso mai kyau na siginarki yake zaune. Abin da nake ba ki shawara shi ne guntu irin ADS1299 na kamfanin Texas Instruments, wanda aka yi don ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa: yana da bit 24 na rarrabewa, wato takinsa ƙanana ne ƙwarai, tashoshi har 8, kuma ba ya yanke ƙasa. Arduino ya zama ɗan aike kawai, ya karɓa ya miƙa.

Haz, wanda ake rubutawa Hz, yana nufin sau nawa abu ke kaɗawa a sakan ɗaya, kuma duk dabarar tana nan. Lantarkin mahaifa yana zaune tsakanin kusan 0.1 da 4, mafi yawan ƙarfinsa a ƙasa da 1. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ne a unguwar ba. Mace na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ki raba da 60, ya ba ki 0.2 zuwa 0.33. Zuciyarta, da yake ciki na ƙara mata sauri, tana bugawa wajen 80 zuwa 90 a minti, wato 1.3 zuwa 1.5, kuma ta fi siginar mahaifa amo. Zuciyar jariri na 110 zuwa 160, wato 1.8 zuwa 2.7. A can ƙasa da 0.1 kuma akwai jan jikin da layi ke yi a hankali saboda zufa da canjin fata a ƙarƙashin abin mannawa. Idan kika jera su za ki ga wata 'yar kafa tsakanin numfashi da zuciyar uwa. Shi ya sa masu bincike da yawa ke tace siginar su bar 0.34 zuwa 1 kawai. Tankaɗe ne da rariya biyu, ɗaya ta riƙe tsaki, ɗaya ta zubar da ƙura, a bar gari a tsakiya. Matatar Butterworth mai mataki 4 ta ishe ki. Ki sani dai kina sadaukar da wani ɓangare na siginar gaskiya don ki sami tsabta, kuma mace mai haki a tsakiyar naƙuda numfashinta zai haura 20 ya faɗo cikin kafar taki.

Akwai wani tarko da littattafan waje ba su cika jaddadawa ba, mu kuwa a nan kullum muna cikinsa. Wutar gida tana kaɗawa 50 a sakan, nesa da inda kike saurare, sai ki ɗauka babu ruwanki da ita. Wata rana muna gwada wani allo a ɗakin gyara na wani asibiti, babu mace a wurin, wayoyin a haɗe suke da junansu ta cikin 'yar rezisto. An saita allon ya riƙa ɗaukar awo 50 a sakan. Muna zaune aka ɗauke wuta aka tada janareta, sai ga layi ya fara hawa yana sauka, tudu mai kyau, ya kai kusan minti ɗaya, ya kwanta, ya sake tasowa. Na'urar ta ƙirga ɗaurewa uku. Da muka bi diddigi, janaretan ba ya tsayawa daidai kan 50, kuma duk lokacin da tukunyar dafa kayan tiyata ta kama sai gudunsa ya canza. Idan wuta na kaɗawa 50.5 ke kuma kina leƙa ta sau 50 a sakan, abin da za ki gani shi ne bambancin, 0.5, tsakiyar kafar naƙuda. Da zarar wannan ya shiga lambobinki babu lissafin da zai fitar da shi, domin kamarsu ɗaya da na gaskiya. Maganinsa a tace kafin a rage saurin ɗauka: ki ɗauka da sauri, kamar 250 a sakan, ki tace, sannan ki rage zuwa 20. Kuma ki yi wannan gwajin na wayoyi a haɗe kafin ki kusanci kowa. Na'urar da ke ganin naƙuda a jikin rezisto ba ta isa zuwa ɗakin haihuwa ba.

Bayan tacewa abin da zai rage miki layi ne mai karkarwa, ya lafa, ya yi cincirindo na wani lokaci, ya sake lafawa. Kowane cincirindo ɗaurewa ce. Don ki mayar da shi tudu irin wanda ungozoma ta saba gani, ki ɗauki yankin sakan 30, ki ninka kowace lamba da kanta, ki fitar da matsakaici, ki ɗauki tushensa, ki matsa gaba kaɗan ki maimaita. Shi ne ake kira RMS. Daga nan sai yanke hukunci, kuma a nan ɗalibai ke faɗuwa, domin sukan zaɓi lamba ɗaya su ce duk abin da ya haura ta ɗaurewa ne. Ba zai yi ba. Siririyar mace da mai teɓa, mai wata bakwai da mai wata tara, siginarsu ba tsayi ɗaya ba, kai ko mace ɗaya siginarta ta safe daban da ta rana. Dole layin iyakar ya riƙa bin mai shi. Ki duba mintuna 4 da suka wuce, ki ɗauki mafi ƙanƙantar kashi 10 cikin ɗari a matsayin matakin hutu, ki sa iyaka a wajen rubu'in tazarar da ke tsakanin hutu da ƙololuwa. Abin da ya haura iyaka ya zauna aƙalla sakan 30, ki ƙirga shi. Tudu biyu da ke da 'yan sakanni tsakani ki haɗe su, ɗaya ne ya numfasa. Wanda ya zarce minti 2 kada ki jefar da shi a matsayin shara, ki sa na'ura ta yi ƙara, domin ko waya ce ta motsa ko mahaifa ce ta ƙi saki, kuma dukansu suna bukatar mutum ya zo. Waɗannan lambobin mafari ne, za ki gyara su da gwaji.

Ki lura da abu ɗaya: wannan matsakaicin na sakan 30 yana jinkirta tudun da kusan sakan 15. Idan ƙirga kawai kike yi babu laifi. Amma likita na duba lokacin da bugun zuciyar jariri ya sauka ya gwada shi da ƙololuwar ɗaurewa. Idan sun zo tare, yawanci kan jariri ne ke matsuwa. Idan saukar ta biyo baya, alamar mabiya ba ta isar da iska ce. Jinkirin da ba ki gyara ba zai iya sa na biyun ya yi kama da na farko. Ki rubuta jinkirin a rahotonki, ki cire shi a lissafi.

Abin da zai fi cin lokacinki motsi ne. Mace ta yi tari, ta gyara kwanciya, ta yi dariya, jariri ya yi shuri, duk za su watsa ƙarfi a cikin kafar taki. Yawancinsu gajeru ne masu tsini, dokar sakan 30 za ta share su. Masu tsawon, kamar ta tashi zaune ko ta yi nishi, ki kama su da ɗan guntun da ke jin motsi, irin wanda ke juya hoto a wayar hannu, ki manna shi a bel ɗin. Idan ya ce jiki na motsi, ki sa wa wannan yankin alamar shakka. Tashoshi da yawa ma na taimakawa: ɗaurewar gaske kan bayyana a fiye da ɗaya, waya mai kwance kuwa ita kaɗai take ihu. Ki kuma auna bambanci tsakanin ilektirod (abin mannawa a fata) biyu maƙwabta, domin abin da ya zo musu tare daga nesa, kamar zuciya, ya ragu.

Wannan kuma ina so ki riƙe shi da kyau. Na'urarki ta kasance tana da amsa uku: akwai ɗaurewa, babu, da kuma ban ji da kyau ba. Idan ilektirod ya ɓalle, allo ya nuna sifili shiru, ungozoma za ta karanta cewa naƙuda ta yi sanyi, ta ƙara gudun ruwan naƙuda ga mahaifar da ta riga ta wuce kima. Na fi tsoron wannan shirun a kan ƙarar banza sau goma.

Ɓallewar kuwa za ta faru, domin ƙasarmu ce. A watan Afrilu da Mayu zufa na narkar da gam ɗin cikin awa ɗaya. Da hunturu fata ta bushe ta yi fari, lantarki ya ƙi wucewa. Ga man kaɗe da basilin da mata ke shafawa a ciki saboda nankarwa, wanda ke zama katanga tsakanin fata da ƙarfe. A wanke wurin da sabulu, a goge a hankali, a bari ya bushe, sannan a manna ilektirod irin na ECG mai jel, a ba shi 'yan mintuna ya zauna kafin a fara ɗauka. Mace ce za ta manna, a bayan labule, kuma ki tsara wayoyin yadda za a mayar da zane a rufe cikin. Wannan na cikin zanen na'ura kamar yadda batir yake ciki. Batir ɗin ma wajibi ne: kada a taɓa haɗa jikin mai ciki da abin da ke jone da soket, ko da ta hanyar kwamfutar da ke caji ce. Ki tura lambobin ta Bluetooth ko ki adana a kati. Kuma ba za ki gwada a jikin kowa ba, ko 'yar'uwarki ce, sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti da yardar matar a rubuce, da likitan mata a cikin aikin.

Kafin izinin ya fito ba zama za ki yi ba. A rumbun PhysioNet da ke intanet akwai bayanai kyauta. Asibitin jami'a na Liyubliyana a ƙasar Slobeniya ya ajiye ɗauka 300 da aka yi tsakanin 1997 da 2005, kowace minti 30, da ilektirod 4 kewaye da cibiya, santimita 7 tsakaninsu, awo 20 a sakan. Akwai kuma na ƙasar Aisland, ɗauka 122 daga mata 45, da ilektirod 16, tare da takardar toko da alamun abin da ya faru lokacin ɗauka. Na biyun ya fi dacewa da gwada mai ƙirga. Ki auna abu biyu: cikin ɗaurewar gaske nawa kika kama, kuma cikin waɗanda kika ce ɗaurewa ne nawa ne gaskiya. Ki gyara lambobinki a kan wasu mata, ki gwada a kan wasu daban waɗanda lissafinki bai taɓa gani ba. Idan kuma EHG ya ga abin da toko bai gani ba, kada ki yi saurin cewa kuskure ne. Binciken da ya gwada su biyun da robar cikin mahaifa ya nuna EHG ya fi toko kamawa, musamman ga mata masu jiki. Kamfanin Monica Healthcare na Nottingham a Ingila ya kai irin wannan fasaha kasuwa, har GE ta saye shi a 2017.

To, mu dawo kan bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin mako 37 a shekarar 2020, kuma Najeriya ce ta uku a yawa, bayan Indiya da Pakistan. Don haka masana da yawa sun yi irin mafarkinki. A Amurka da Turai an gwada ba mata masu haɗari toko su tafi da shi gida, ana tura sakamakon ta waya. Da aka tattara gwaje-gwajen, zuwa asibiti ya ƙaru, amma ba a ga raguwar mutuwar jarirai ba. Dalili shi ne mahaifa na ɗaurewa a ciki mai lafiya ma, kuma yawancin matan da suka zo da ɗaurewa kafin lokaci ba sa haihuwa a wannan makon. Abin da ke tabbatar da naƙuda buɗewar bakin mahaifa ne, shi kuwa ba a jin sa daga saman ciki.

Za ki ci karo da takardu masu cewa sun hango bakwaini daga EHG da daidaito sama da kashi 90 cikin ɗari. Ki karanta su da ido biyu. A cikin ɗauka 300 na Liyubliyana, 38 ne kawai na bakwaini. Wanda ya rufe ido ya ce duka za su kai lokaci ya ci 262, wato kashi 87, bai auna komai ba. Don cike wannan giɓin, masu bincike da yawa sun ƙirƙiri kwafin bakwainin da lissafi, sannan suka raba bayanan gida biyu, na koyo da na gwaji, sai 'yan'uwan abin da aka koya suka faɗa cikin jarrabawa. Masana daga jami'ar Gent ta Beljiyam sun sake yin lissafin yadda ya kamata, sakamakon ya faɗo ƙasa sosai. Akwai alamar gaskiya a cikin siginar, kaɗawarta na ɗan hawa sama idan haihuwa ta matso, amma ba ta kai a gaya wa mace ta kwana a gida ko ta kama hanya a kanta ba.

Abin da ya kuɓuce wa matar yayanki awoyi ne. Allurar deksametason da ke nunar da huhun jariri sau 4 ake yin ta, awa 12 tsakani, kuma babban gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe biyar har da Najeriya, aka buga a 2020, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini idan an yi ta a asibitin da ya dace. Daren nan da ta yi shiru, da an yi ta farko, wataƙila da ta biyu na hanya, da kuma an haihu kusa da iskar oksijin da ɗumi. Ban ga laifinta ba. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata cewa mai cikin fari ba ta raki, ba ta faɗa wa uwar miji marata na ciwo, sannan mu yi mamaki in ta daure. Ki gaya mata, da duk mai ciki a gidanku: kafin wata tara, idan ciki na ɗaurewa a kai a kai bai lafa da hutu ba, ko ruwa ya zubo, ko jini, ko baya ya riƙe, ko motsin yaro ya ragu, a tafi a lokacin, kada a jira asuba. A ciki na gaba kuma ta fara awo da wuri ta faɗi cewa ta taɓa haihuwar bakwaini, domin wannan tarihin na cikin manyan alamun haɗari, kuma akwai abin da likita zai duba, har da tsawon bakin mahaifa a hoto.

Haka nan kada ki bari kowa ya ɗauka kyakkyawar ƙirga na nufin naƙuda na tafiya daidai. Mahaifa na iya ɗaurewa 4 a minti 10, cif yadda littafi ya ce, alhali kan yaro ya cije a ƙugu ba ya sauka. Matan da ke jinyar yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan Holan Kees Waaldijk ya fara ɗinke su tun shekarun 1980, yawancinsu doguwar naƙuda irin wannan ce ta kai su, kuma mahaifarsu ba ta gaza ɗaurewa ba.

Da ni ne ke, ga abin da zan rubuta wa malamin da ke duba aikina: na'ura mai batir, ta ɗakin haihuwa, da ke nuna yawan ɗaurewa a minti 10 da tsawon kowace, da lambobi manya da za a hango daga bakin ƙofa, ta yi ƙara idan an haura 5 ko ɗaya ta ƙi saki, ta kuma faɗa idan ba ta ji da kyau. Ki nemi wata babbar ungozoma a nan Daura ta zama abokiyar aikinki tun daga zanen farko, da ɗan gari akan ci gari, kuma hannunta ne ma'aunin da za ki fara gwada kanki da shi: ta danna maɓalli idan ciki ya yi tauri, ta saki idan ya saki, ba tare da ta ga allonki ba. A wannan makon ki sauke ɗauka ɗaya daga na Aisland, ki tace ta da harshen kwamfuta na Python, ki zana tudun a ƙarƙashin takardar toko, ki turo mini hoton mu duba tare inda suka rabu.